Baƙin Ƙyalle a Kan Na'ura

Falle ɗaya ya rage wa ɗalibar cikin siraran fallayen kayan lantarkin da aka harba wa ƙwayoyin zarra masu caji don a yi mahaɗar lantarkin da za ta ga hasken zafi, irin wanda ido ba ya gani. Sauran duk ta ƙone su a tanda garin neman gyara. Ƙa'idar aikin ita ce mahaɗar ta tsare wutar lantarki idan tana cikin duhu. Tata kuwa yoyo take kamar tsohon bokiti.

Farfesa ya riga ya yanke hukunci: in azahar ta yi babu sakamako, na'urar awo ta koma hannun wani ɗalibi. Ɗalibar ta kasa zama. Ta ƙara ruwan sanyaya fallen, wanda don tsananin sanyinsa yake tafasa in ya taɓa abu mai ɗumi, ta ja baƙin ƙyallen da take rufe shi da shi, ta leƙa mita, ta zagaya teburi, ta dawo.

"Uwar Sanyi, mayar da shi tanda mana," in ji ɗalibin da ke jiran ya gaje na'urar, yana jingine da ƙofa. "Ko toka ce kya samu ta wanke tukunya."

"Yaya, in ƙafarka ta gaji akwai kujera a waje."

Ta sunkuya gyara waya, allurar mita ta yi tsalle. Ta ja baya, allurar ta ɗan sauka. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙyallen, allurar ta haura har ƙarshe.

Sai ta tsaya cak. Idonta ne ke kiran wannan duhu. A wajen abin da aka yi don ya ga zafi, ƙyallen da ya sha ɗumin ɗaki fitila ce. Ba yoyo mahaɗar take ba, gani take.

Ta cire ƙyallen, ta tsoma murfin ƙarfe a ruwan sanyin har ya daina tafasa, ta kife shi a kan fallen da yatsu masu raɗaɗi. Allurar ta zube ƙasa ta kwanta.

Farfesa ya shigo, ya daɗe yana kallon mitar.

"Ke nan waɗanda kika ƙone ma lafiyarsu lau?"

"Ƙalau suke, Malam." Ba ta sunkuyar da kai ba. "A ba ni sababbi."

Ya juya wajen na bakin ƙofa. "Kai, nemi wani aikin tukuna."