Farar Ƙasar Kafr Mandur

A hedikwatar lardi kowa ya gama binciken tun kafin mu fara. Wai ɗan kwangilar da ya yi ganuwar tare ruwa ne: da ya ji an kafa kwamitin bincike, sai ya aika da mota cike da farar ƙasa aka shafe ƙauyen Kafr Mandur kaf, don kada a ga shatin ruwa a jikin bango. Masinja ya faɗa mini, mai shayi ya faɗa mini, har ƙanwata da ba ta taɓa taka ƙauyen ba ta faɗa mini da rantsuwa.

Ni kuwa duba makarantu na yi har na tsufa, na san 'yan kwangila. Wanda ke ƙwauron siminti a inda aka biya shi, da wuya ya yi kyautar farar ƙasa a inda ba a roƙe shi ba. Na ce sai na gani.

Ambaliya ce ta ci ƙauyen, ta tafi da wani dattijo, Amm Gabir. Hanya biyu ruwan ke da ita. In ta ƙofar ruwa ta gabas ya shigo, wadda wani saurayi Shahhat ke gadi, to ya ratso gonaki, shatinsa baƙar laka ne. In kuma sabuwar ganuwar yamma ce ta fashe, shatin ja ne, don da jar ƙasar bakin hamada ɗan kwangila ya cika ta. Ganuwar an riga an toshe ta. Shahhat kuwa yana tsare bisa zargin sakaci, sauran ransa yana jikin bango.

Mu uku ne a kwamitin. Shugabanmu tsohon alƙali ne, Adli, wanda kowa ke ce wa Basha. Sai Injiniya Ramzi. Sai ni, Kausar, don ana buƙatar mace, aka nemo wadda ake zaton ta tsufa da gardama. Bisa al'ada, sai da muka aika wa dagaci da sanarwa cewa muna tafe.

Muka iske ƙauye fari tas, har ido ba ya iya kallo.

"Kin gani ko, Ustaza?" in ji Ramzi. "Ɓarawon ya riga mu."

"Injiniya, ɓarawon naka mai son kwalliya ne. Dubi ƙofar can, har da zanen fure. Ga ɗakin tantabaru an shafe har ƙoli, ko ruwan Annabi Nuhu bai kai can ba."

"Dabara ce."

"Turken jakin ma dabara ne?"

Dagaci ya ja mu gidansa, aka jera agwagi da shinkafa. Basha ya ce cin abincin waɗanda ake bincika bai dace ba, sannan ya naɗe hannun riga don kada a ce ya raina mutane. Ni na ce gwiwata na son tafiya, na zagaya wajen mata.

A bakin famfo na ga wata tsohuwa, hannayenta duk sun tsattsage, ƙasan faratanta fari.

"Sannu, 'yar'uwa. Wannan hannu ya sha aiki."

"Aikin alheri ne, Hajiya. Ke ce ta gwamnatin? Ni ce Nabawiya, uwar Shahhat. Ƙauyen ya yi muku kyau?"

"Wa ya shafe shi?"

"Wa kuwa? Ni na tara matan nan, gida-gida. Da sanarwarku ta zo na ce, masu yanke wa ɗana hukunci su zo su ga laka har ƙugu? Ai sai su ce ƙazamai ne, malalata, dole ɗansu ya yi barci a bakin aiki. Sau biyu muka bi kowane bango."

"Ɗan kwangila bai taimaka ba?"

Matan da ke wurin suka tuntsire da dariya. "Wancan? Ko sallama sai ya rage mata awo!"

Na tambaye su launin lakar da suka rufe. Wata ta ce ja, wata ta ce laka ai laka ce. Sai Nabawiya ta rage murya, kamar mai neman gafara. "Gida ɗaya ne muka bari, na Amm Gabir. Ba a shafa wa gidan makoki fari sai an yi arba'in. Don Allah kada ku bi ta layin."

Ta layin na bi. Shatin na nan a bango, ya kai ƙirjina, ja wur kamar an shafa lalle.

Na koma na taso Basha daga kan kofin shayi. Ya zo, ya yi wa matar mamaci ta'aziyya cikin natsuwa, bayansa na fuskantar bangon.

"Basha, juyo ka duba."

"Haba, Ustaza. Gaisuwar mutuwa muka zo, mu ɓuge da auna bango? Kuma gidan nan ba ya cikin sanarwa. Abin da kwamiti ya gani ba da sanarwa ba, bai gan shi ba."

"To ni na gani."

"Ke mamba ce. Mamba ba ya zama shaida."

"Injiniya, kai fa?"

Ramzi ya ce a matsayinsa na mutum ja ne, a matsayinsa na injiniya sai an zo da kayan awo. Aka tsayar za mu dawo bayan an aika da sabuwar sanarwa, mai ɗauke da sunan gidan.

Kafin mu tafi na riƙe hannun matar mamaci na roƙe ta kada kowa ya taɓa bangon. Na yi wa Nabawiya bayani dalla-dalla cewa jan shatin nan ne zai wanke ɗanta. Ta daɗe tana kallon faratanta. An ce daga ranar a gindin bangon take wuni da sanda, ko akuya ba ta bari ta goga jiki.

Sanarwa ta bi ofis-ofis, ta sha hatimi, arba'in ta riga mu zuwa. Ranar da muka dawo da kayan awo da mai hoto, gidan Amm Gabir ya fi kowane gida haske. Nabawiya na zaune a ƙasa, sandar na gefenta.

Matar mamaci ta fito tana murza hannu. "Ki yafe ni, Hajiya. 'Ya'yana ne suka zo daga Alƙahira saboda arba'in. Suka ce Basha guda zai tsaya a ƙofar ubansu ya ga laka? Sun kankare ta tukun, don farin ya kama. Uwar Shahhat ta yi kuka, ta yi zagi, amma bango ba nata ba ne."

Basha ya yaba da tsabtar mutanen karkara. Mai hoto ya jera mu a gaban bangon. Rahotonmu ya ce ba a samu abin da ya wanke mai gadi ba. Na rubuta ƙin amincewata, aka liƙa ta a shafin ƙarshe.

Ɗan kwangila bai sayi ko gwangwani ɗaya na farar ƙasa ba. Ruwan ta yamma ya shigo. Shahhat ya yi shekara biyu a kurkuku.