Bidiyon Auta

Rumbun yana ɗaki na ƙarshe a ofishin, bayan banɗaki, inda sanyin na'ura ke shiga har ƙashi. Kwamfuta ce baƙa mai tsayin firiji. Injiniya ne ya haɗa ta da hannunsa shekarar da ya dawo daga karatu, lokacin da ƙaramin kamfanin intanet ɗin nasu ke neman durƙushewa saboda masu sauke finafinai sun cushe layi.

Dabarar ba wuya. Mutanen garin suna amfani da manhajar musayar fayil, wadda ke tsinto abu guntu-guntu daga kwamfutocin wasu har ya cika. Sai ya dasa rumbun a tsakiya: duk abin da aka fi nema, rumbun ya riƙe kwafi, ya miƙa wa mai so nan take. Abin da mutum zai yi kawai shi ne ya shiga saitin manhajar, ya rubuta adireshin rumbun, ya danna wani ɗan akwati. Gida-gida ya bi yana nuna wa jama'a. Har kwamfutar Umma ya saita, don ta daina kiransa a wurin aiki duk sanda wasan kwaikwayonta ya tsaya a rabi.

Rumbu ba ya zaɓe. Abin da mutane ke so shi yake riƙewa. A satin nan kuwa, bidiyon Auta suke so.

Auta ƙaninsa ne, mai walda. Ya faɗo daga saman wani bene da ake ginawa, ya daɗe a ƙasa yana motsi kafin mota ta zo. Wani ya tsaya a kansa da waya ya ɗauki komai, har da kiran da Auta yake yi. Umma an gaya mata nan take ya cika, bai ji komai ba. Injiniya ne ya faɗa mata da bakinsa, kuma so yake maganar ta tsaya a haka.

Washegarin da aka binne shi ya tafi ofis. Dogo, abokin aikinsa, ya ɗago kai daga kujera.

"Kai kuma me ya fito da kai? Oga ya ce ka zauna gida."

"Matsa min."

Dogo ya matsa. Fayil ɗin yana can sama, ya wuce sabon fim, ya wuce ƙwallo. Sunan da aka ba shi: kalli kafin a goge. Injiniya ya goge. Kafin ya gama shan ruwa ya dawo, don da wani ya nema sai rumbun ya sake ɗaukowa. Aikinsa ke nan. Shi ya koya masa.

Sai ya canja hanya. Ya bar kwafin a ciki ya kulle shi, ta yadda rumbun ba zai ba kowa ba. Amma mutane ba su zauna ba. Wani ya yanke farkon, wani ya rage haske, wani ɗan banza ya ɗora masa kiɗa. Kowane a wurin rumbu sabon fayil ne. Kafin ya kulle, dole ya buɗe ya tabbatar shi ne.

"Kawo ni in riƙa dubawa," in ji Dogo.

"A'a."

"To ka kashe muryar mana."

Bai kashe ba.

Dogo ya ja kujera kusa da shi, ya rage murya. "Ka dai san wannan ba zai hana shi yawo ba ko? Rumbu kawai ka hana. Manhajar za ta koma tsinta wurin mutane, kamar da."

"Zai riƙa jan ƙafa. Mai gajen haƙuri zai bari."

"Mutanenmu? A kan abin da ba ruwansu? Nan ne fa kaɗai suke da haƙuri."

Injiniya bai yi dariya ba. Dogo ma sai ya ji kunya, ya tashi ya haɗa shayi, ya ajiye masa a gefe. Shayin ya huce a nan.

Da rana ta karkata ƙanwarsa ta kira.

"Yaya, ka zo gida."

"Lafiya?"

"Ka zo dai."

Takalma sun ragu a bakin ƙofa. Masu gaisuwa biyu na falo suna magana ƙasa-ƙasa, da suka gan shi suka yi shiru. Ƙanwar ta tare shi a lungu, idonta ya kumbura. Ta ce wata baƙuwa ce da safe, garin ba da haƙuri bakinta ya kuɓuce, ta ce wa Umma: "Ashe yaron nan ke yake ta kira." Umma ta miƙe. Ta raka matar har ƙofa, ta shige ɗaki.

Ya same ta a bakin gado, tabarau a ido, kwamfuta a kan ɗan teburin da take ajiye magani. Koren zanen da ke nuna yadda abu ke sauka ya ɗan wuce rabi. Yana tsayawa, ya motsa kaɗan, ya sake tsayawa.

"Ka dawo," ta ce, ba ta juyo ba. "Wasannina kan sauko kafin ruwa ya tafasa. Wannan tun safe. Me ya same shi?"

Ya san abin da ya same shi. Akwatin da ya danna mata yana nan a danne. Manhajar ta je rumbu, rumbu ya hana ta, sai ta bi gidajen mutane tana roƙon guntaye. Kuma guntayen ba a jere suke zuwa ba. Manhajar tana bari a buɗe abin da ya samu, shi ma shi ya nuna mata yadda ake yi.

Ta danna. Ƙafa da takalmin aiki. Hoton ya daskare, ya yi tsalle, sai ƙafafun 'yan kallo. Sai baƙi. Sai murya ta fito, "Um," ta katse.

"Nan yake tsayawa," ta ce. "Ɗazu bai kai nan ba."

Tun safe take kallonsa a haka. Kowane guntu ya iso, ta koma farko.

"Umma, ki bari. Ba abin gani ba ne."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Sau nawa?"

Ya mayar da ido kan koren zanen.

"Kai ka ce min nan take ya cika."

"Na ce."

Ya miƙa hannu wajen wayar wuta. Ba ta hana shi ba, ko hannunsa ba ta kalla ba.

"Idan ka cire, zan sa mayafina in shiga maƙwabta, in roƙa a nuna min a waya a gaban 'ya'yansu. Duk gari sun ji abin da ɗana ya ce min. Ni kaɗai ce ban ji ba."

Hannun nasa ya tsaya a kan wayar. Zanen ya ƙara motsawa kaɗan. A yadda yake tafiya, sai gobe.

"Kai ne mai gyara," ta ce. "Gyara min."

Ya fito da wayarsa. Dogo ya ɗauka a bugun farko.

"Buɗe wanda na fara kullewa. Mai tsawon."

"Injiniya, me ya faru?"

"Buɗe shi."

"Idan na buɗe, kowa zai samu fa."

"Na sani."

Ya ji ƙarar maɓallai ta wayar. Bai gama sauke wayar daga kunne ba zanen ya zabura, ya cika har ƙarshe. Rumbun ya yi aikinsa da kyau.

Umma ta cire tabarau, ta goge da gefen zaninta, ta mayar. Ƙanwar tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baki.

"Ke, fita ki ja min ƙofar."

Ƙofa ta rufu. Umma ta matsa gefe, ta bar masa wuri a bakin gadon.

"Ƙara muryar. Kunnena ba ya ji sosai."