Ƙofar da Ervin Ya Bari a Katangar Wendell

Tun ina yarinya jirgin ƙasa ya daina bi ta gundumarmu. Aka kwashe ƙarafan, tudun tsakuwar ya yi ta tsirar ƙaya, kowane manomi ya haɗe guntun da ya ratsa gonarsa. Da muka kafa kwamitin mayar da tsohon layin dogon nan hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa, aikin farko shi ne bin gidaje muna roƙon kowa ya sa hannu ya bar mana guntunsa. Ni aka fi turawa. Na yi shekaru ina tuƙa motar 'yan makaranta, babu karen da bai san muryata ba, kuma an san bakina ba ya gajiya.

Wasu sun sa hannu tun kafin kofi ya huce. Wani sai da muka yi masa alkawarin benci mai sunan marigayiyar matarsa. Wata tsohuwa ta kafe cewa ɓarayin birni za su zo a kan keke su sace mata talabijin, na tambaye ta a kai za su ɗora shi ko a baya, ta yi dariya ta sa hannu. Kafin a cire masara kowa ya yarda, sai gida ɗaya, gidan yayana Wendell.

Guntun Wendell yana tsakiyar hanyar, kuma ya bi ta bayan tagar kicin ɗinsa, kusa ƙwarai, har mai wucewa zai iya ganin abin da ke cikin tukunya. In bai bayar ba, dole hanyar ta fita kan kwalta, ta hau tudun nan mai kwana inda manyan motoci ke gangarowa, sannan ta dawo. A wannan kwanar titin wata yarinya 'yar Amish, Verna Raber, ta mutu, tana kan keke za ta gidan burodin da take aiki. Wendell ne ke tuƙa motar da ta buge ta.

Rabin mutanen gundumarmu 'yan Amish ne, ba sa tuƙa mota, daga keken doki sai keken ƙafa. Mutanen birni suna son hanyar don su rage tumbi ranar Asabar. Su kuwa ita ce za ta kai 'ya'yansu makaranta da wurin aiki ba tare da tirela ta goge musu gwiwar hannu ba. Na san kwanar nan fiye da kowa. Duk safiyar da na bi ta da motar makaranta sai na ga fararen hulunan 'yan matan Amish a gefen titi, daf da motoci.

'Yan sanda sun ce Wendell ba shi da laifi. Rana ce ta hudo masa a ido daidai kan tudun, kuma ba gudu yake ba. Washegari Ervin Raber, mahaifin yarinyar, ya ɗaure dokinsa a ƙofar Wendell, shi da matarsa, da burodi mai ɗumi a hannu. Suka ce sun yafe, suka ce sun san nauyin da ke kansa, suka roƙe shi ya zo jana'iza. Ya je, suka zaunar da shi cikin dangi. Tun daga ranar duk inda wani ɗan gidan Raber ya hango shi sai ya ɗaga masa hannu da fara'a.

Kowa a cocinmu ya yi ta yaba wannan hali, kuma abin a yaba ne. Amma ni na ga abin da ya yi wa yayana. Ya sayar da motar. Ya daina zuwa kasuwar gwanjon dabbobi don kada ya haɗu da su. Mutumin da in ya yi dariya shanu ke ɗaga kai, ya koma magana kamar mai ciwon haƙori. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya suna nesa, sai ni da nake leƙa shi da miya a kwano.

A taron kwamiti, shugabanmu Curtis Boyd, mai sayar da inshora da ke yawo cikin ɗamammen wandon keke ko a coci, ya kawo shawarar a kai Wendell kotu a karɓi guntun da ƙarfin doka. Na ce masa ranar da ya aika wa ɗan'uwana sammaci, ranar zai san kalata. Ya ce to ina 'yan Amish ɗin da ake yi dominsu, me ya sa ko mutum ɗaya bai zo ya yi magana ba? Sai ka ce jiya ya zo garin. Ba sa zuwa taron hukuma su nemi abu, ba sa kai ƙara, ba sa matsa wa kowa. Saƙo kawai suka aiko cewa in aiki ya tashi a gaya musu, za su zo da hannuwansu.

Na samu Wendell a kicin yana fere dankali. Na fara da zancen inuwar itatuwa da darajar da gida zai ƙara, ya bar ni na yi ta zuba har na gaji.

"Darlene, kin gama wa'azin?"

"Ban ma buɗe littafin ba. Yaya, yaran nan kullum suna kan kwanar nan. Kai ka fi kowa sanin abin da take yi."

Ya ajiye wuƙar. "Shi ya sa. Kin san ƙanwar Verna, Lovina? Tsawonsu ɗaya yanzu. Hular iri ɗaya, rigar iri ɗaya. Kina so kullum da safe ina shan kofi ta wuce nan ta ɗaga mini hannu?"

"To sai ka ɗaga mata."

"Da sun fasa mini tagogi da na samu barci," ya ce. "Da Ervin ya zage ni sau ɗaya, ko ya tofa mini yawu. Ba zan iya ba. Ki ce musu ni mugu ne, hakan ya fi mini sauƙi."

Na fita raina a ɓace, da shi da kaina. Ina tausayinsa har cikin ƙashina, amma haushinsa ma ina ji, don yara ba su daina bin kwalta saboda wani yana baƙin ciki ba. A makon nan madubin wata babbar mota ya tsinke wa wani yaro malafa daga kai. Da na ji labarin, ban yi shawara da kowa ba, na tafi gonar Raber.

Na tarar da Ervin yana gyaran linzami a rumfar dawaki. Na ce masa shi kaɗai ne Wendell ba zai iya ce wa a'a ba, ya daure ya je ya roƙe shi. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce ba zai roƙa ba, don wanda ba zai iya cewa a'a ba, ba roƙonsa aka yi ba, ƙwace aka yi masa. Amma ya tambaye ni ko ana damun Wendell a kan maganar. Na ce ana yi. Ya ce to zai je.

Ni na ɗauka nasara ce. Na riga shi isa gidan Wendell, ina tsaye a baranda lokacin da keken dokin ya shigo. Wendell ya fito. Ervin ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

"Wendell, na ji ana takura maka saboda mu. Ban ji daɗi ba. Filinka ne, ka bar abinka."

Ervin ya gyara riƙon malafar ya ci gaba.

"Mun saba da kwalta. Na gaya wa yara su riƙa sauka suna tura keken a kwanar. Lovina tana kiyayewa sosai. Kada ka sa wannan a ranka, ka ji? Uwar yara tana gaishe ka."

Ya mayar da malafarsa ya tafi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na rantse, ba dabara a ciki. Amma da ya ɗauko sanda ya rafka wa Wendell da ya fi masa sauƙi. Yayana ya zauna a kan matakala. Can ya dube ni ya ce ni na turo shi, ko? Na ce ni ce. Ya ce in kawo takardar ya sa hannu, amma da sharaɗi: a yi masa katangar katako daga farkon guntun zuwa ƙarshensa, wadda ta fi mutum tsawo, ba tsaga ko ta shigar wuƙa tsakanin katako da katako. Ba ya son ya ga kowa, ba ya son kowa ya gan shi.

Curtis ya yi ta murna har yana rungumar mutane. Ni dai na miƙa masa takardar na tafi gida.

Da bazara aka share ƙaya, aka baje tsakuwa, injin ya daddanne ta. Katangar kuwa 'yan Amish suka ce tasu ce, gayya za su yi, yadda suke yi in rumbun wani ya ƙone. Ranar aikin, Wendell ya sa na kai shi gari tun da safe ya ce yana da ganin likita, na san ƙarya yake. Da na dawo na tarar da maza cike da wurin, malafa ko'ina, zarto na kuka, mata sun jera tebura da kaza da taliya da kek ɗin tuffa. Ervin yana kan gaba da ƙusoshi a baki, yana buga katakon da zai ɓoye 'ya'yansa daga idon maƙwabcinsa. Na kasa cin komai.

Da la'asar na ɗauko Wendell. Katanga ta tsaya cak, katako ya haɗu da katako yadda ya ce, ko haske ba ya ratsawa. Sai dai daidai saitin tagar kicin akwai ƙofa. Ƙofa mai kyau, da ƙyaure mai santsi da sakatar da ake ɗagawa ta ciki da ta waje.

"Wa ya ce a sa wannan?" in ji Wendell.

Ervin yana tattara kayan aiki. Ya dubi ƙofar, ya dubi Wendell, da gaske bai gane laifin ba. "Ai ba a yin katanga tsakanin maƙwabta ba ƙofa. In ka faɗi a gida fa, ko wuta ta tashi? Ta ina za mu shigo?"

"Na ce ba tsaga."

"Ba tsaga ba ce, ƙofa ce. In ba ka so, ga guduma, ga ƙusa, guda huɗu sun isa." Ya ɗora su a kan ginshiƙin ƙofar. "Amma ni hannuna ba zai iya ba, Wendell. Kai za ka buga."

An buɗe hanyar da kaɗe-kaɗen 'yan makaranta da yankan ƙyalle. Curtis ya yi jawabi har sau biyu. Hanyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, kuma tun daga ranar ban sake ganin farar hula a kwanar nan ba. Abin da na nema ke nan, na kuma samu.

Abin da ban lissafa ba shi ne sauti. Katako yana tare ido, ba ya tare kunne. Wata safiya na kai wa Wendell miya na same shi tsaye a kicin, kofi a hannu ya yi sanyi. Daga bayan katangar ana jin tayoyi suna murza tsakuwa, 'yan mata na hira da harshensu suna dariya. Ya ce mini a da yakan ga Verna ne in ya rufe ido. Yanzu kowace taya da ta wuce ita ce, tunda ba ya ganin mai tuƙawa.

Muna tsaye sai ɗaya ta rage gudu. Muka ji birki, muka ji sakata ta ɗaga. Ƙyauren ya buɗe kaɗan, hannu ya shigo ya ajiye burodi a nannaɗe cikin tawul a kan ciyawa, ya ɗago ya yi wa tagar alamar gaisuwa ba tare da mai shi ta leƙo ba. Ƙyauren ya rufe.

"Duk ranar Talata," in ji Wendell. "Lovina ce."

Na ce in yana so ni zan buga ƙusoshin yanzu, in ya so su ce ni ce mara mutunci, na saba. Ya girgiza kai. Ya ce in ya rufe ƙofar, da wane ido zai dubi Ervin? In kuma ya bar ta, ga abin da nake gani. Ya fita ya ɗauko burodin, ya ajiye a tebur kusa da na makon jiya, wanda ko gutsura bai yi ba.

Na raba yara da kwalta, kuma ko yau aka dawo da maganar haka zan yi. Amma nakan ƙi bin hanyar da kaina, don ba na son tayata ta shiga cikin waɗanda yake ji. Ya rame, ya daina buɗe rediyo da safe. Gudumar tana nan a kan ginshiƙin inda Ervin ya ajiye ta, ruwa da ƙanƙara sun sa ta tsatsa. Wendell bai buga ƙusa ko ɗaya ba, kuma bai taɓa bi ta ƙofar ba.