Agarar Walƙiya

Baba Mai Tausa yana cikin kulle ɗakin magani ya ji ƙarar takalmi a matakalar 'yan kallo. Kwana tara ke nan da rufe kakar wasa, an kwance raga, 'yan wasa duk sun watse hutu. Ya leƙa. Can sama wani yana hawa da gudu, yana karkata nauyinsa ga ƙafar hagu. Ko daga nesa Baba ya gane ɗingishin, don shi ya yi wata uku yana lallashin ɗayar ƙafar.

"Walƙiya! Sauko nan!"

Walƙiya ne lamba bakwai na kulob ɗin. Shekararsa talatin da ɗaya, kuma tun yana sha takwas yake kwanciya a teburin Baba. Ya sauko yana haki, yana murmushin wanda aka kama da hannu dumu-dumu.

"Mako nawa likita ya ce?"

"Shida, Baba. Ai na huta. Kwana takwas ina kallon silin, har matata ta fara koya mini ninke wanki."

Baba bai yi dariya ba. Ya zaunar da shi, ya zare masa safa, ya bi agarar da babban yatsa, daga dunduniya zuwa sama. Jijiyar ta yi zafi, ta yi kauri kamar igiyar da ta sha ruwa. Da ya danna tsakiya, Walƙiya ya cije leɓe ya kau da kai.

"Ɗana, jiki a hutu yake ginuwa. Mako biyu kada ka wuce tafiya. Bayan nan keke ko ninkaya. Sai a na biyar ka fara sassarfa. Sau nawa zan faɗa maka?"

"Na haddace, Baba. Koci ma haka ya faɗa a gaban kowa. Da aka tashi sai ya ja ni gefe, wai ranar da muka dawo akwai gwajin gudu, wanda ya gaza ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Sun ɗauko ɗan shekara sha tara a gurbina. Kullum sai yaron ya sa bidiyonsa a intanet yana atisaye. Ni kuma in kwanta?"

Baba ya ciro waya ya kira Koci. Sai da ta kusa katsewa aka ɗauka, ana jin hayaniyar yara da fantsamar ruwa a bayansa.

"Ranka ya daɗe, yaron nan yana nan yana hawan matakala. Ƙafar ba za ta ɗauka ba."

"Baba, ni na sa shi? Cewa na yi ya huta."

"To a ɗaga masa gwajin, ko da mako biyu ne."

"In na ɗaga wa ɗaya, ashirin za su zo mini da takardar likita. Kuma ka san ba ni nake yanka ba, riƙe ƙafa kawai nake yi. Ka yi masa faɗa, yana jin maganarka."

Wayar ta mutu. Walƙiya ya ji komai, har ya fara mayar da safarsa.

"Zan sa mai gadi ya hana ka shigowa," in ji Baba.

"Sai in koma kan kwalta."

Baba ya san kwalta ta fi matakala mugunta. Sau uku a rayuwarsa ya ji ƙarar tsinkewar agara, kamar an karya busasshen kara. Biyu daga cikin masu ƙafafun ba su ƙara taka ƙwallo ba. Ya so ya ce masa ko an sallame shi wani kulob zai ɗauke shi, amma ya san shekarun yaron, yaron ma ya san su.

"In na huta, sun kore ni. In na yi gudu, wataƙila ta riƙe. Baba, in kai ne fa?"

Baba ya juya ya sake buɗe ɗakin magani, ya fito da bandeji da ƙanƙara a roba. Ya durƙusa ya naɗe ƙafar tamau, yadda yake yi ranar babban wasa.

"Ban da matakala. A kan ciyawa, a hankali. Zagaye huɗu, ka zo in sa maka ƙanƙara."

"Huɗu kawai, Baba. Na gode."

Baba ya tsaya a bakin layi yana ƙirgawa. A zagaye na uku ɗingishin ya ƙara fitowa. Da na huɗu ya cika, ya ɗaga hannu ya ƙwala masa kira. Walƙiya ya wuce shi kai a sunkuye, ko waiwaye bai yi ba.

Baba ya daɗe hannunsa a sama. Sannan ya sauke shi, ya zauna a benci, robar ƙanƙarar tana ɗiga a kan takalminsa.

"Biyar," ya ce a hankali.