Wa Ya Zuba Sukari?

A tseren jiragen ruwa masu filafilai, mutum biyu-biyu a kowane jirgi, Nélida da ƙaninta Fermín sun nufi garin Punta del Este. Tana riƙe da sitiyari, idonta a kan ruwa, sai aka miƙo mata ƙoƙon mate, shayin ganyen nan mai ɗaci, daga cikin jirgi kamar kullum. Ta zuƙe, ta mayar.

"Kai Fermín, wane irin iskanci ne wannan? Sukari?"

"Da ni kike, Yaya?" ya amsa daga can goshin jirgi, inda yake fama da igiya tun ɗazu.

Mutum ɗaya ne ke zuba mata sukari: mijinta Anselmo, wanda ruwan nan ya ci bara.

Aka sake miƙo ƙoƙon, cike, yana tururi.