Bindigar Tarbar Baƙi

Tsuntsayen sun sauka da wuri a bana. Tun ruwan fadama bai gama ja ba, kirinjijiya da dinya suka cika tafkin da ke bayan Gandun Auta, ga wasu ƙananan agwagi da ake cewa daga Turai suke tasowa in sanyi ya kore su. Misbahu ya shiga kwalekwalen babansa da sassafe, ya ɗauke su a waya, ya sa bidiyon a intanet. Bai yi da wata manufa ba. Tun da ya gama sakandare yake zaune, aikinsa ke nan, kamun kifi in ya samu, da latsa waya.

Bidiyon ne ya jawo masa kiran wata mata daga Kano, Hajiya Adila. Sana'arta haɗa mutane a mota ta kai su yawon buɗe ido, ta kai su duwatsu, ta kai su madatsun ruwa, yanzu sabon wuri take nema.

"Tsuntsayen nan da gaske ne, ko haɗi ka yi?" in ji ta.

"Da gaske ne, Hajiya."

"To zan kawo mota ɗaya gwaji. In mutanena sun ga abin da na gani, duk wata za ka riƙa ganinmu har ruwa ya ƙafe."

Ba sabon abu ba ne a garin. Marigayi Malam Usman, baban Misbahu, ya yi shekaru yana ɗaukar Turawa masu kallon tsuntsu a wannan kwalekwalen. Da hanyoyi suka fara ban tsoro, suka ɗauke ƙafa, ciyawar kacala kuma ta cinye rabin mashigin ruwan. Tun daga nan ba wanda ya sake zuwa don tsuntsu.

Misbahu yana da dalilin son zuwan nan ya yi kyau. Yayansa Mustapha ya samo masa gurbi a wani injin casar shinkafa a Haɗejia, mai injin kuma ba zai jira ba da zarar sabuwar shinkafa ta shigo. "Ka gama wasan tsuntsun ka taho," Mustapha ya ce masa a waya. Misbahu ya taɓa kai masa ziyara can. Ya ga ƙaiƙayi a gashin idon mutane, ya ji ƙarar injin da ba ta barin a yi magana. In baƙin nan ba su dawo ba, can zai ƙare.

Baƙo ba ya shiga gari mai unguwa bai sani ba, don haka ya je ya sanar. Ya tarar da Mai Unguwa Muhammadu a zaure tare da Kawu Haris, wan mahaifiyar Misbahu, wanda shi ne Sarkin Baka, shugaban maharban garin.

"Mota guda daga Kano!" in ji Kawu, ya gyara zama. "To ai sai a yi musu tarba ta mutunci. Makaɗa su fito, mu ma mu fito da bindigogi."

"Kawu, tsuntsu suka zo gani."

"To mu muka ce kada su gani? Kai ɗan nan, a ce mutane sun taso tun daga Kano, su sauka shiru kamar masu zuwa ta'aziyya?"

Mai unguwa ya yi dariya, ya ce gaskiyar Sarkin Baka ce. Misbahu ya sunkuyar da kai. Maganar tana bakinsa, amma ya riga ya faɗa sau ɗaya, kuma ba a maimaita wa kawu magana a gaban mai unguwa. Ya tashi yana gaya wa kansa wataƙila a ƙofar gari za a yi.

Ba a ƙofar gari aka yi ba. Hanyar mota a bakin tafki take ƙarewa, can kuwa aka jeru. Da hantsi motar ta iso. Samari da 'yan mata suka fara fitowa, kowa waya a sama, sai wani dattijo siriri da madubin hangen nesa rataye a wuya, ana ce masa Dakta Abdulwahid. Tafkin na bayansu, baƙi ƙirin da tsuntsu. Dakta ya juya ya gani, ya ɗaga madubin ke nan, Kawu Haris ya ɗaga hannu.

Bindigogin toka suka tashi gaba ɗaya.

Ruwan ya zama kamar an ɗage masa murfi. Duk abin da ke kansa ya yi sama, fukafukai suka rufe rana, kuka ya cika kunne. Suka yi kewaye ɗaya, suka miƙe gabas wajen Nguru. Hayaƙin albarushi bai gama washewa ba tafkin ya koma fili, sai gashin tsuntsu yana yawo a kan ruwa.

'Yan matan suka yi ta ihu suna tafi. Makaɗa suka saki ganga. Dakta ya sauke madubinsa a hankali.

Duk da haka Misbahu ya shiga da baƙin ruwa. Ya tura kwalekwale da gora ta tsakanin kacala, ya bi duk lungun da ya sani, wasu masunta biyu na biye da sauran baƙin. Zalɓe ɗaya suka gani, shi ma ya juya musu baya.

"Samari, yaushe za su dawo?" Dakta ya tambaya.

"Sai sun manta, ranka ya daɗe."

"Suna da saurin mantuwa?"

"In sau ɗaya ne."

Dakta ya gyaɗa kai. Ya ce tun yana ɗalibi yake son zuwa fadamar nan, aiki ya hana, da aiki ya ƙare kuma tsoron hanya ya hana. Ya juya ya ci gaba da duban ruwa. Misbahu ya gwammace da faɗa ya yi.

A gindin tsamiya aka ajiye musu tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Aka ci, aka yi rawa, Kawu ya ɗora wa wata yarinya hularsa mai layu ta yi hoto da bindiga. Misbahu ya koma gefe ya zauna a kan kifaffen kwalekwale. A ransa ya riga ya fara haɗa kayan Haɗejia.

Can Hajiya Adila ta same shi, fuskarta a sake. Ta miƙa masa waya. Bidiyon tashin tsuntsayen ne, da ƙarar bindiga da hayaƙi da ihun 'yan mata. Ta sa shi tun suna cikin ruwa, mutane har sun fara tambayar ranar tafiya ta gaba.

"Malam Misbahu, ka gama mini komai. Duk wata zan zo. Amma kamar yau nake so, da mun sauka a buga, su tashi."

Ya kalli wayar. Abin da yake nema ne aka miƙo masa, kai kawai zai ɗaga. Amma ya san halin tsuntsun ruwa. A tashe shi yau ya dawo, a sake tashinsa ya yi jinkiri, daga nan ya sauya masauki, baɗi ma ba zai sauka ba.

"Ba za a buga a bakin ruwa ba, Hajiya."

"Ban gane ba. Kai kake neman baƙi ko ni?"

"Ni ne. In aka yi ta bugawa, zuwa na uku ruwa kawai za ki nuna musu."

"Mutanena bidiyo suke so. Wa zai yi tafiyar nan don ya zauna shiru kamar a masallaci?"

Ya nuna mata Dakta da haɓa. Dattijon yana tsaye shi kaɗai a bakin tafki, madubi a ido, yana duban inda babu komai.

Ta yi ɗan tsaki, ba mai zafi ba. "Shi ɗaya ne. Sauran fa?"

"Su kwana a Haɗejia, su iso da sassafe, a shiga ruwa shiru. Da yamma in za ku tafi, a buga muku a mararraba, bayan gari. Ƙarar ba ta isowa nan."

Ta juya wayar a hannu. "In tsohon can mai layu ya yarda, na yarda. In babu bindiga kuwa, kada ka neme ni."

Kawu Haris yana zaune a tabarma yana goge bakin bindigarsa da tsumma. Misbahu ya cire takalmi ya tsuguna. Bai yi kwana-kwana ba, ya faɗa masa a mayar da bugun bindiga mararraba in baƙi za su tafi, ya kuma maimaita.

Kawu ya ajiye tsumman. "Bindiga a wajen rakiya? Sai ka ce korarsu muka yi! A ina ka taɓa ji?"

"Ban taɓa ji ba, Kawu."

"To?"

"Lokacin Baba, in Turawa sun zo, kuna bugawa?"

"Waɗannan ai ba a san abin da suke so ba. Ko gaisuwa a raɗa suke amsawa." Ya kalli tafkin, ya daɗe yana kallo. "Usman har tari yake hana mutum a cikin jirgin nan. Na taɓa yin atishawa, ya yi kwanaki ba ya yi mini magana."

Kawu ya juyo ya dubi Misbahu.

"Uwarka ta ce Haɗejia za ka tafi."

"In ba su dawo ba."

Kawu ya ɗauki tsumman ya ci gaba da goga. "A mararraba ɗin, wa zai gan mu?"

"'Yan kasuwar Kirikasamma duk ta nan suke wucewa."

"Hm." Ya busa bakin bindigar. "To ka gaya wa Hajiyar, ba rakiya sunanta ba. Tarba ce aka jinkirta. In na ji wani ya ce rakiya, a bakin ruwa zan dawo."

Da motar za ta tashi, Dakta ya leƙo ta taga ya ce a sa sunansa a zuwa na gaba, kujerar gaban kwalekwale yake so.

Washegari da sassafe Misbahu ya tura kwalekwale shi kaɗai. A can ƙarshen kacala ya hango kirinjijiya, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wuyansu a miƙe suna kallonsa. Bai matsa ba. Ya kafa gora, ya zaro waya ya kira Mustapha, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, gurbin nan a ba wani."

"Me ka ce? Ɗaga murya mana, ba na jin ka!"

Bai ɗaga ba. Ya kashe, ya rubuta masa.