Ban Iya Ba, Nuna Min

Wasiƙar ta zo ranar Talata. Sau uku na karanta ta a tsaye a ƙofar kicin ɗin Mama kafin na yarda da abin da idona ke gani. Cibiyar da ke taimaka wa masu jinkirin fahimta ta ce ta gode, ta duba bayanan ƙanena, ta ga ba ya bukatar gidan da mai kula ke kwana tare da su. Wai yana iya komai da kansa.

Komai! Mutumin da bai taɓa ƙyasta ashana ba.

Ƙanen nan nawa shekararsa talatin da shida. Tun yana rarrafe marigayi Baba ya laƙaba masa Babban Mutum, sunan ya bi shi har ya yi furfura biyu a gemu. Haka Allah ya yi shi: abin da wani zai koya a yini, shi sai ya ɗauki wata, amma in abu ya shiga kansa ya shiga ke nan. Yana da farfaɗiya, wadda ƙwaya biyu safe da yamma suka kwantar da ita. Shekara huɗu ke nan yana aiki a wani lambun renon tsirrai, aikin da cibiyar ta samo masa. Yana cika leda da ƙasa, yana ban ruwa, yana jera tukwane a layi ba ko ɗaya da ta leƙo.

Gidan da muke nema masa ɗaki huɗu ne, tafiyar minti goma daga lambun. Maza uku ne a ciki, biyu abokan aikinsa, sai mai kula. Ɗaki na huɗu mai shi ya tashi, tagarsa tana kallon wata bishiyar lemo. Sau ɗaya aka kai Babban Mutum ya gani, tun daga ranar ba shi da zance sai "ɗakina". Shekara uku muna jiran layi ya zo kanmu. Mama ta haura saba'in. Ni kuwa ɗaki biyu gare ni, da miji, da 'ya'ya huɗu, da keken ɗinki da ya cinye rabin falo. Kowa a dangi ya san tambayar, ba dai mai son furta ta: ran da Mama ta kwanta, ina za shi?

Ranar da ma'aikaciyar cibiyar ta zo da takardar tambayoyinta, ina can ina fama da ɗinkin gaggawa, sai Mama ce ta amsa. Na same ta a tsakar kicin tana laluben murfin tukunya.

"Mama, me kika gaya wa matar nan?"

"Abin da ta tambaye ni."

"Ta ce yana iya girki?"

"Na ce yana iyawa."

"Shan magani fa? Aski? Haɗa ruwan wanka?"

"To ba ga shi nan tsaf ba? Kin taɓa ganinsa da ƙazanta?"

"Saboda ke kike yi masa! Ga shi yanzu sun ce ba ya bukatar ɗakin."

Ni dama ba a san ni da sanyin baki ba, na ci gaba da zuba har sai da ta ɗaga min hannu.

"Shekara talatin da shida," ta ce, "ina gaya wa maƙwabta da malamai da likitoci cewa ɗana yana iyawa. Da ban faɗa ba, da tuni sun zaunar da shi a lungu. Yau kuma kina so in zaunar da shi gaban baƙuwa in lissafa mata abin da ya kasa, yana ji da kunnensa? Bakina ba zai iya ba."

Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na tuna yadda ta tsaya a ofishin wata makaranta tana cewa "zai iya" har sai da suka gaji suka karɓe shi. Amma tausayi ba ya buɗe ƙofar ɗaki. Na ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoye cibi." Ta ce in je in koya wa 'ya'yana karin magana.

Kwana uku ina bugun waya kafin na samu ma'aikaciyar. Matashiya ce mai magana a hankali, irin wadda ke barin ka gama fushinka tukuna. Ta ce ita ma ta yi mamakin amsoshin, amma abin da aka faɗa mata shi ta rubuta. Za ta sake zuwa ranar Litinin da hantsi. Ranar Laraba kwamitinsu zai ba da ɗakin, ko a gare shi ko ga na bayansa a layi.

Litinin na riga ma'aikaciyar isowa da awa biyu, amma Mama ta riga ni. An yi wa Babban Mutum aski, an goge masa farar riga, an sa masa maɓallai har wuya. Ɗan farantin da take ajiye masa ƙwayoyinsa ya ɓace daga kan firiji. Na tarar da shi a cikin durowar cokula.

"Mama!"

"Ki rage murya, gidana ne."

Ma'aikaciyar ta zo, ta gaida Mama har ƙasa, ta karɓi ruwa. Sai na ga ba ta fito da takardar tambayoyin ba. Wasu 'yan sitika ta zaro daga jaka, ƙanana kamar maɓallin riga, shafi ɗaya kore, shafi ɗaya rawaya. Babban Mutum yana ganinsu ya washe baki.

"Na wurin aikinmu ne!"

"Daga can na karɓo su," ta ce. "Na je jiya na ga mai koya muku aiki. Ka bayyana wa Mama da Yaya yadda kuke yi da su."

Ya gyara zama kamar mai shirin huɗuba. Maganarsa a hankali take fita, sai ka yi haƙuri, amma ba ya ɓata kalma. A lambun, ya ce, kowane ma'aikaci yana da allonsa da hotunan ayyuka. Aikin da ka iya kai kaɗai, kore. Wanda sai da taimako, rawaya. In ka zo kan rawaya ba ka taɓawa, sai ka je ka ce, "Ban iya ba, nuna min."

"Ba a yi maka dariya?" Mama ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"A'a. Oga ma yana da rawaya. Bai iya gyaran famfo ba." Ya yi dariya har da buga cinya. "Wanda ya ɓoye rawaya shi ke kashe shuka."

Ma'aikaciyar ta miƙa masa shafukan biyu. "To yau gidan nan ne lambun. Zagaya da mu."

Muka bi shi a baya mu uku kamar masu rakiyar babban baƙo.

Tsintsiya ta samu kore. Gadonsa, wanda ya gyara kamar na otal, kore. Buroshin haƙori, kore. Ya tsaya gaban murhun gas ya manna rawaya ba tare da ko jinkiri ba. "Mama ce ke kunnawa. Tana rufe tukunyar gas in za ta fita." Reza, rawaya. A banɗaki ya manna rawaya a jikin bokiti, ya naɗe hannun riga ya nuna wa baƙuwar tabon ƙuna a damtsensa. "Na zuba na zafi ban sirka ba. Da daɗewa." Sai ya dawo kicin yana dube-dube a kan firiji.

"Ina farantina?"

Mama ta ja durowar cokula da kanta, ta lalubo shi, ta miƙa masa. Ya manna rawaya a gindinsa. "In ba a ba ni ba, mantawa nake yi. In na manta, in faɗi."

Na saci kallon Mama, ina jiran in ga ta rushe. Ba ta rushe ba. Tsaye take tana riƙe da bakin tebur, fuskarta a wajen da muryarsa take. Shi kuwa ko a jikinsa. Duk abin da ta yi shekaru tana rufawa da zaninta, ya baje shi a fili cikin minti goma, yana murmushi. A raina na ce, shi ke nan, ɗaki ya samu, kuma gaskiyata ta fito. Har na fara shirya abin da zan ce mata in baƙuwa ta tafi.

Sai ya nufi ɗakin Mama.

"Nan ba naka ba ne," Mama ta ce da sauri. "Dawo."

"Akwai aikina a ciki."

Ya ɗaga matashin kanta ya fito da wata 'yar kwalba mai farin murfi. Ya manna mata kore, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

"Maganin idon Mama. Ni ke ɗiga mata. Biyu a dama, biyu a hagu, safe da yamma. Ita ta ba ni nawa, ni in sa mata nata."

"Wane maganin ido?" na ce.

Bai kula ni ba, aiki yake yi. Kore a jikin gwangwanin allura: shi ke zura mata zare. Kore a wayarta: shi ke nemo mata hotona ya danna in tana son kirana. Kore a kan takalmanta: shi ke haɗa mata ƙafa da ƙafa, don kwanaki ta fita da ƙafa ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa. Ya je bakin ƙofar waje ya durƙusa ya manna kore a kan matakala.

"Nan nake cewa, Mama, saura taki biyu."

Na juya na dubi mahaifiyata, duba na gaske, wanda na daɗe ban yi ba. Murfin tukunyar da take lalube. Wasiƙar da ta ajiye min ba ta buɗe ba, tana cewa ta ɓatar da tabarau. Wata nawa ina shigowa gidan nan da faɗa a bakina, in fita da faɗa, ban taɓa lura ba ta kallon fuskata sai dai wajen da nake.

"Tun yaushe, Mama?"

"Ya kusa shekara. Hawan jinin ido ne, in ji likita. Na dama ya tafi. Na hagu ake lallaɓawa."

"Kuma ba ki gaya min ba?"

"Ke da ke da naki kayan a ka?" Ta zauna a bakin gado. Ta juya wajen ma'aikaciyar. "'Yata, ki rubuta abin da ya nuna miki, duk gaskiya ne. Rabin abin da na faɗa miki wancan karon don kada ya ji kunya ne. Ɗaya rabin kuwa tsoro ne. Na ce in sun ɗauke shi, wa zai ce min saura taki biyu?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na tsohuwa.

Ma'aikaciyar ba ta yi wa kowa wa'azi ba, Allah ya saka mata. Ta zauna ta cika takardarta, tana tambayar Babban Mutum, yana amsawa. Da ta gama ta tambaye shi ko har yanzu yana son ɗakin. Ya dubi Mama, ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ya daɗe.

"Ina so," ya ce. "Amma sai an samu mai ɗiga mata."

"Akwai ni," na ce.

Ya kalle ni sama da ƙasa, kallon da oga ke yi wa sabon ma'aikaci.

Ranar Alhamis aka bugo waya, an ba shi ɗakin. Za a riƙa ba shi maganinsa a kan lokaci, za a koya masa girki a hankali, kuma Asabar da Lahadi yana gida. Ni da mijina muka yanke shawarar keken ɗinkina ya koma falon Mama, in wuni a can, babbar 'yata kuma ta riƙa kwana da ita. Mama ta yi ƙorafin cewa za mu cika mata gida da ƙyalle, amma ba ta hana ba.

Ranar tashinsa, motar cibiyar tana jira a waje, akwatinsa da tukunyar furen da oga ya ba shi suna ciki. Ya ce ba inda za shi sai ya ga na ɗiga maganin safe. Na ce wannan ai ba wani abu ba ne, ni da na yi renon yara huɗu. Mama ta kwantar da kai a jikin kujera. Na matsa kwalbar, ɗigo na farko ya sauka a kumatunta. Na biyu ya bi gefen hanci. Ta ce in na gama yi mata wanka in sanar da ita.

Babban Mutum ya zaro shafinsa daga aljihu, ya ɓare rawaya ɗaya, ya manna min a bayan hannu. Sai ya harɗe hannuwa ya tsaya yana jira. Direba ya danna hon a waje, bai ko waiwaya ba.

Na san abin da yake jira. Shekara arba'in da ɗaya ina duniya, ni ce babba, ni ce mai gyara wa kowa, ban tuna ranar da na taɓa faɗa wa wani wannan maganar ba. Da ƙyar ta fito.

"Ban iya ba," na ce. "Nuna min."

"Yawwa, Yaya," ya ce. Ya karɓi kwalbar, ya sa babban yatsa a hankali ya ja fatar ƙasan idon Mama. "Ki fara gaya mata kin zo, don kada ta firgita."